A sakar wa kasuwa mara? Musun daren Lahadi a zauren 'yan Jos

Shugaban Zaure: Salamu alaikum jama'a, ya sanyi? Jiya wajen ɗaurin aure Alhajinmu na Farin Gada ya saki wata magana, aka yi ta musu har shinkafa ta huce a faranti. Cewa ya yi da gwamnati za ta zare hannunta daga kasuwa, ta rage haraji, ta daina kafa wa saye da sayarwa dokoki, da talaka ya fi haka samun sauƙi. Wai duk inda gwamnati ta sa hannu sai abin ya lalace. Na ce a kawo maganar nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ban da zagi, ban da tallan jam'iyya, kuma don Allah a rubuta, kada a cika mana waya da saƙon murya. Alhaji, bismilla.

Mai Dankali: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Ni ba ɗan boko ba ne, abin da idona ya gani zan faɗa. In na yi lodin dankali daga Maikatako zuwa Mile 12 a Legas, kafin mota ta tashi na biya kuɗin kasuwa, na biya na lodi, na biya na ƙaramar hukuma. Wannan ban yi kuka da shi ba. Daga gangaren Hawan Kibo ake fara wasan. Kowace ƙaramar hukuma da katakonta mai ƙusa, kowace jiha da takardar da za a manna wa gilashi, abin da ka biya a nan, na gaba ya ce bai san wannan rasit ɗin ba. Direbana ya ce shi daga Akwanga yake daina ƙirge. Kuma dankali ba masara ba ne, ka tsaya gardama awa uku a zafin Lokoja ya fara ruɓa, su ma sun san da haka, shi ya sa ba sa gaggawa. Kuɗin nan a kan wa yake sauka? A kan matar da za ta saya a Legas, da manomin da zan taya wa kaya da arha saboda na san abin da ke jirana a hanya. Titin da ake cewa don shi ake karɓa kuwa, ku bi shi da damina ku gani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mai Keke: Alhaji ka gama magana. Mu kullum ta Allah sai mun yanki tikiti kafin mu ɗauki fasinja ko ɗaya. Ran da ba ka da lafiya ka fito da rana, kuɗin bai ragu ba.

Tsohon Akawu: Alhaji, shekara 35 na yi ina aikin baitulmali, bari in raba maka hatsi da tsakuwa. Abin da ka lissafa a hanya ba haraji ba ne, ƙwace ne. Tun 1998 akwai dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa, ta kuma ce a fili ba wanda ke da ikon datse hanya don karɓar haraji, ko da hukumar harajin ce da kanta. To in mutum ya shimfiɗa katako a titin tarayya ya karɓi kuɗinka, ya kwana a gidansa lafiya, wannan yawan gwamnati ne ko rashinta? Ciwonka na rashin hukuma ne, kai kuma kana neman a rage maka hukuma. Ƙasar nan abin da take tarawa na haraji bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take samarwa ba, muna cikin na can ƙasa a duniya.

Mai Dankali: Baba, ka kira shi da sunan da ka ga dama. Mai katakon nan da rigar hukuma a jikinsa, rasit ɗin da tambarin hukuma, kuma kowa ya san kwangilar karɓar aka ba ubangidansa saboda ya yi wahalar zaɓe. In ba gwamnati ba ce wannan, to wace ce gwamnatin? Ni ban taɓa ganin wata ba.

Auta: Iyayena ku ba ni dama, wannan shi muke karantawa a aji. Baba Akawu, kashi 10 ɗin gaskiya ne, amma abin da ya isa asusu ke nan. Wanda aka karɓa a hanya bai shiga lissafin ba, alhali daga aljihun Alhaji ya fita. Hauhawar farashi ma haraji ne, tunda gwamnati ce ta riƙa cin bashin Babban Banki, a ƙara kuɗi a gari, albashinka ya koma rabi ba tare da an yanka maka rasit ba.

Masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara, tun daga Adam Smith a 1776 har zuwa Milton Friedman na Amurka, hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Wanda ke kashe kuɗinsa a kan kansa yana duba farashi, yana duba inganci. Wanda ke kashe kuɗin wani a kan wani daban ba ruwansa da ko ɗaya. Jami'in gwamnati shi ne na biyun. Ku dubi waya. Lokacin NITEL, kamfanin wayar gwamnati, layukan ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisi, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. Da farko layi ya haura naira 20,000, kira naira 50 a minti, ko daƙiƙa biyar ka yi sai ka biya na minti guda, aka ce wai lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. Glo na shigowa a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai ga sauran sun iya. Ba minista ne ya ba da umarni ba, kishiya aka yi musu. Yau ga mu muna musu a waya, har mai tallan gyaɗa na da lamba. Masana'antar ƙarfe ta gwamnati da ke Ajaokuta kuwa tun 1979 ake zuba mata kuɗi.

Sista: Auta sannu da karatu. Kullum in za a yi wannan magana sai a ɗauko waya, kamar ita kaɗai aka taɓa sayarwa. Wutar lantarki fa? A Nuwamban 2013 aka miƙa rarraba ta ga 'yan kasuwa, aka ce mu sha kuruminmu. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, naira 225 kowane ma'auni. Ni da nake aikin dare na san sau nawa muke duba majiyyaci da fitilar waya. Ga kamfanin mulmula ƙarfe na nan Jos, an sayar, ina hayaƙinsa?

Auta: Anti, wutar ba kasuwa aka yi ba. An cire ta daga hannun mutum ɗaya aka raba wa mutum 11, kowa da yankinsa, ba mai shiga gonar wani. In kamfanin unguwarku ya ɓata miki rai, wajen wa za ki koma? Layin waya kuwa cire shi za ki yi ki sa wani. In misalin wutar 'yan kasuwa kike so, ga NESCO a bayan gidanmu, tun 1929 suke samar da wuta daga ruwan Kurra. Ki tambayi tsofaffin Bukuru yadda suke ba da labarinta.

Tsohon Akawu: Yaro, ka taɓo inda nake so. NESCO don wa aka kafa ta? Don kamfanonin kuza na Turawa. Su kuma waɗannan kamfanoni kasuwa ce ta ba su ƙasar Berom? Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ba su izinin haƙa, ta sa haraji da tsabar kuɗi yadda dole talaka ya je ya yi lebura kafin ya samu na biya, lokacin yaƙin duniya na biyu ma ƙarfi da yaji aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, sanyin nan ya kashe da yawa. Da kuza ta daina riba suka tattara suka tafi. Me suka bar mana? Tafkunan da ke tsakanin Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda har gobe suke cin yara da dabbobi. Ɗan kasuwa yana lissafin abin da ya shiga aljihunsa, ramin da ya bari a gonar wani ba ya cikin littafinsa sai an tilasta masa.

Gwanjon wayar da kake yabo ma, wa ya shirya shi? Hukumar NCC ce, ta gwamnati. Ita ta tsaya a kan dole layin wannan kamfani ya shiga na wancan. Alƙalin wasa ya yi aikinsa, shi ya sa wasan ya yi kyau.

Mai Keke: Ni fa duk kun wuce da ni. A yi maganar mai.

Shugaban Zaure: Za a zo kansa, yi haƙuri. Sista na rubutu.

Sista: Maganar doka nake so in tsaya a kai, don Alhaji ya ce a daina kafa dokoki. A 1990, tsakanin Yuni da Satumba, yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na nan garin. Ba annoba ba ce. Maganin zazzaɓi na ruwa aka ba su, farasitamol, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba a maimakon na ainihi, ƙodarsu ta tsaya. Manyanmu a wurin aiki da suka ga abin har yau ba sa son tuna shi. Uwa ta sayi magani da kuɗinta, ta ɗura wa ɗanta da hannunta. Bayan wannan ne aka kafa NAFDAC a 1993. Auta zai ce kasuwa za ta hukunta mai mugun kaya, mutane su guje shi. Haka ne, amma bayan an binne nawa? Tumatir in ya ruɓe ido na gani. Magani fa? Siminti da rodin da ke cikin bango fa? Makarantar da ta rufta a Busa Buji a Yulin 2024 ta ci rai 22, yawanci ɗalibai. Iyayen da suka biya kuɗin makaranta ta yaya za su san ƙarfin ginin?

Mai Dankali: Allah ya jiƙansu, ya ba iyaye haƙuri. Hajiya, ban ce a bar mai guba ya sayar ba. Amma ki duba, lokacin da ginin ya faɗi ai akwai hukumar duba gini, akwai doka, akwai masu karɓar albashi a kai. Dokar ba ta riƙe bangon ba. A ƙasar nan doka ƙofar karɓar na goro ce: mai gaskiya ya sha yawon ofis wata shida, marar gaskiya ya biya ya wuce a kwana ɗaya.

Sista: To a gyara mai gadin, Alhaji. Don mai gadi na barci ba a cire ƙyauren gida.

Malam: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa. Alhaji yana da abin riƙewa a addini, amma ba duka ba. Ya tabbata cewa kaya sun yi tsada a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi, ya ƙi, ya nuna cewa Allah ne mai sa farashi, kuma ba ya son ya gamu da Ubangijinsa wani na bin sa haƙƙi. Ibn Khaldun ma ya lura cewa daula a farkonta haraji kaɗan take sawa ta tara da yawa, a ƙarshenta ta tsawwala ta tara kaɗan, don mutane sun karaya da nema. Shehu Usmanu kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan da ya yi wa jihadi.

Sai dai Annabin da ya ƙi yanka farashi shi ne ya shiga kasuwa ya cusa hannu cikin tarin abinci, ya ji danshi a ƙasa, ya ce mai algus ba ya cikinmu. Ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Ya hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin gari. Daga nan aka samo aikin muhtasibi mai duba mudu da sikeli. Malamai da dama daga baya sun ce in 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan abin da jama'a ba su da makawa sai shi, hukuma na iya shiga. Wato ba a taɓa farashi, amma ana taɓa ɗan kasuwa.

Sista: Malam, wannan na cusa hannu cikin buhu, a yi shi a Farin Gada mu gani. Manya a baki, 'yan mitsi-mitsi a gindi.

Mai Dankali: Hajiya, wannan daga gona ake cuso shi, a tambayi manoma. Malam na gode, rabin da ka ba ni ya ishe ni. Yanka farashi mun ga ƙarshensa. A 1984 ina yaro a shagon mahaifina, sojoji suka riƙa fasa sito suna sayar da kaya a farashin gwamnati. Sati biyu aka yi ana murna. Daga nan madara da sukari da sabulu suka ɓace, sai dogon layi da bulala, mai hanya ya saya ta baya ya sayar ninki. An rufe boda a Agustan 2019 har Disamban 2020 wai don a ci shinkafar gida. Shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, tsada kawai ta ƙara, masu babura a daji da masu tsaron dajin suka yi kuɗi. Dala kuma a farkon 2023 farashi biyu gare ta, na banki wajen 460, na bayan fage sama da 700. Wanda ya san wani ya karɓa a banki da safe, ya sayar da yamma, ya fi ni da nake kwana a mota riba. Ga kasuwar Terminus, tun Fabrairun 2002 da ta ƙone gwamna nawa aka yi? Da filin aka ba 'yan kasuwa aka ce ku gina, wallahi da an manta an taɓa gobara.

Tsohon Akawu: Wa ya gina ta tun farko, har ake zuwa kallonta daga wasu ƙasashe? 'Yan kasuwa?

Mai Keke: Shugaba, mai.

Shugaban Zaure: To, a yi maganar mai kafin ya fice daga zauren.

Mai Keke: Yauwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 ina shan lita ƙasa da naira 200. Aka ce tallafi ya tafi, kafin sati ya zagayo ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wannan ba shi ne zare hannun da Alhaji ke nema ba? An zare, ga shi. Na ƙara kuɗin mota, fasinja ya koma tafiya da ƙafa, daga Terminus zuwa Bauchi Road mutum ya taka abinsa. Ina goyon bayan Alhaji a kan tikiti, amma a nan mun raba hanya.

Auta: Yaya, tallafin nan a 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma bashi ake ci ana biya. Wa ya fi sha? Mai motoci biyar a Maitama da mai tankar da ke tsallakawa da shi Kamaru da Nijar. Kai lita nawa kake sha? Ka tuna layin Disamba kafin a cire shi, ana cewa mai ƙasa da 200 ne amma sai wajen 'yan bumburutu ake samu. Tunda aka cire, layin ya ragu, matatar Dangote ta fara fitar da fetur a 2024, har ana rige-rigen rage farashi.

Mai Keke: Layi ya ragu don ba mai kuɗin shiga layin.

Tsohon Akawu: A nan ina tare da yaron rabi. Tallafin rami ne, na yarda. A 2012 da Jonathan ya kai lita 141 daga 65 muka fito muka yi ta ihu har aka dawo da ita 97, da an bari a lokacin da an sha wuyar da sauƙi. Amma kuɗin da aka daina biya ina suka tafi? Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai. Wa ya je ya tambayi shugaban ƙaramar hukumarsa? Ba kowa. Kuma zan faɗi dalili ko da za a ji haushina. Da can da ake biyan haraji da jangali hannu da hannu, an sha zalunci, dagaci na tsare mutum a rana, shi ya sa NEPU ta yi ta yaƙi da shi, Rimi da Balarabe Musa suka soke a Kano da Kaduna a 1979, aka yi ta murna. Amma mai biya yana da baki. Bafulatanin da ya biya jangali yana jiran allurar bushiya daga cibiyar binciken cutar dabbobi ta Vom, in ba ta zo ba ya san ƙofar da zai buga. Da kuɗin mai suka zo, shugaba ya daina buƙatar aljihunka, sai ya daina buƙatar ra'ayinka. Abuja yake kallo. Harajin VAT da aka kai kashi 7.5 a 2020 kana biya a katin waya ba ka ma sani ba, balle ka yi fushi. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 zuwa ƙasa a shekara, na ji daɗi saboda masu ƙaramin albashi. Amma ni da za a bi tawa, kowa ya biya ko kaɗan ne, wuri ɗaya, rasit ɗaya, ya san ya biya.

Mai Dankali: Wuri ɗaya, rasit ɗaya, Baba ko gobe na sa hannu. A 2021 da ƙungiyar masu abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu, cikin kukanmu har da wannan karɓe-karɓen hanya. An zauna, an yi alkawari, tumatir ya ruɓe mana a nan, muka koma lodi, katako na nan inda yake.

Maman Bokkos: Sannunku. Yanzu na dawo daga taron mata a coci, na bi duka na karanta. Alhaji, ina gaisuwa. Na ga an ce mu muke cusa ƙanana a gindin buhu, zan bar wannan, Allah na gani. Mu an koya mana a ba Kaisar abin da ke na Kaisar, ba mu ƙi biya ba. Amma duk kuna ta cewa kasuwa, kasuwa. Ni kasuwar da na sani mutum biyar ce da dillalansu. Dankali na fitowa Yuli da Agusta gaba ɗaya, ba mu da ɗakin sanyi, ba mu da hanyar da mota za ta shigo gona, ga kuɗin makaranta na jira a Satumba. Kafin in sauke buhu sun riga sun gama magana a tsakaninsu. In na ƙi, in mayar da shi gida ya ruɓe. Shekarar da cutar ganye ta ƙone mana gonaki ba ɗan kasuwar da ya zo ya tambaye mu, iri mai jurewa sai dai mu sa ido ga masu bincike na Kuru. Kuma kun san harin da aka kai ƙauyukanmu aka kashe mutane a jajibirin Kirsimetin 2023. Mu a ƙauye ba yawan gwamnati ke damunmu ba. Nemanta muke, ba mu gan ta ba. Zaman kashin dankali ake yi, kuma mu ne na ƙasa, ko gwamnati ce a sama ko Alhaji.

Malam: Allah ya kawo mana ƙarshen zubar da jini, ya ba ku haƙuri, Mama. Tsaron rai ko masu ra'ayin Auta ba su ce a bar wa kasuwa ba.

Auta: Haka ne Malam, tsaro da shari'a da hanya su ne aikinta na asali. Kukanmu shi ne ta bar nata ta kama na wasu. Mama, maganin mutum biyar shi ne su zama hamsin. Amma Kawu Alhaji, ina da tambaya, kada ka ce na yi rashin kunya. A Yulin 2024 gwamnati ta ce ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Rage haraji ne, buɗe kasuwa ne, abinci ya sauko a 2025. Na ji da kunnena kana cewa an kashe manoma. Yaya ke nan?

Mai Dankali: Wannan daban ne. Na sayi masara a Mangu da tsada na ajiye, aka wayi gari ta faɗi warwas. Manomi ya sayi taki da tsada, ya sayar da buhu biyu bai mayar da kuɗin buhun taki ɗaya ba. Manomin waje gwamnatinsa na tallafa masa, ka ce in yi takara da shi? Dole a kare na gida.

Sista: Au, ashe akwai inda ake son hannun gwamnati. Malam, ajiye masara sai ta yi tsada, me ka ce sunansa ɗazu?

Malam: Hajiya, kada ki haɗa ni da Alhaji. Akwai tafsili, ya danganta da halin da gari ke ciki lokacin da aka saya.

Mai Keke: Ni dai da masarar ta faɗi ne muka koma cin tuwo sau biyu a gidana.

Auta: Kawu, ka ga inda ake samun matsalar. Mai siminti ya ce a buɗe komai ban da siminti, mai shinkafa ya ce ban da shinkafa, kai ka ce ban da masara. In aka tara ban da ɗin kowa, shi ne gwamnatin da kake kuka da ita.

Mai Dankali: Kai yaro, ranar da ka sa kuɗinka a buhu ka zo mu yi magana. Ni ban canza ba. A cire katako a hanya, a daina yanka farashi, a bar mu mu nema. Boda kuwa maganar ƙasa ce.

Maman Bokkos: To Alhaji, bar boda, mu dawo gida. Bara wata mata ta zo daga Fatakwal da motarta, ta ce za ta saya hannu da hannu a wurinmu, ta ƙara mana a kan farashin ranar. Aka ce motarta ba za ta yi lodi ba sai ta bi ta hannun dillali ta biya kuɗin ƙungiya, aka hana masu dako taɓa buhunta. Ba ɗan sanda a wurin, ba mai rigar hukuma. Ta juya ba ta sake dawowa ba. In an sakar wa kasuwa mara yadda kake so, wannan matar za ta yi lodi ko ba za ta yi ba?

Mai Dankali: Mama, wannan tsari ne. In kowa ya shigo ya saya yadda ya ga dama kasuwar za ta rikice. Kuɗin ƙungiya kuma da shi muke belin direba in an kama shi, da shi muke taimakon wanda motarsa ta faɗi.

Tsohon Akawu: Alhaji, a karɓi kuɗi dole, a hana wanda bai biya ba aiki, a ce don amfanin kowa ne. Shekara 35 ina wannan aikin, mu ma abin da muke faɗa ke nan.

Mai Dankali: Baba, ba ɗaya ba ne, zan yi bayani. Sai dai wayata na gab da mutuwa, tun jiya ba mu ga wuta ba.

Sista: Ta 'yan kasuwa ce ai, Alhaji.

Maman Bokkos: Ba komai, tambayata ba dankali ba ce, ba ta ruɓewa. In an kawo wuta ka amsa.